Batiste Ferrandis, Dogon da Ya Ɗauke Mu a Kafaɗa

Ranar Talata, ashirin da ɗaya ga watan Oktoba, da yamma, ruwan ambaliya ya tafi da Batiste Ferrandis daga cikin zauren ƙwallon kwando na garinmu Alboreda. Sai ranar Juma'a aka ga gawarsa a wata gonar lemu can ƙasan gari, laka ta binne shi har ƙirji. Ya rasu yana da shekara sittin da ɗaya. 'Yarsa Neus ce ta same ni a gadon asibiti da labarin. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin gado, takalmanta na roba sun yi kaca-kaca da taɓo, ta ce, "Kawu Nelo, an ga Baba." Na tambaye ta ko da rai, alhali na san amsar, domin a gaban idona ruwan ya ɗauke shi.

Sunana Nelo Soler. Mun buga wa Alboreda ƙwallo tare da marigayin tun muna samari, daga baya ya zama kocina, kuma a tsakanin waɗannan biyun ya zama abin da ban san sunan da zan ba shi ba. An roƙe ni in yi magana a wajen jana'iza, bakina ya ƙi buɗuwa. Shi ya sa nake rubutawa. Tun daga ranar nan, ko famfo aka buɗe a ɗakin da ke kusa da nawa sai gabana ya faɗi.

Dogo, bari in kira ka da sunan da na saba.

Ka san tarihin zauren nan fiye da ni. Iyayenmu, masu ɗaure lemu a akwati, su suka kafa ƙungiyar a farfajiyar siton da suke aiki, su da wani Fada mai son wasa, da zoben kwandon da maƙerin gari ya lanƙwasa musu. Da aka daina ajiye lemu a siton, sai aka bar musu shi. Rufin ya yi ƙasa, ƙwallo na bugunsa, ba kuma halin ɗaga shi. Sai suka ɗauki diga da shebur suka haƙe daɓen, suka yi ƙasa da shi har filin ya koma cikin rami, mai tafiya a titi sai ya gangara kafin ya iso. Muna yara ana ba mu wannan labari don mu yi alfahari, kuma mun yi. Ba wanda ya taɓa kallon ramin nan ya tuna da busasshen kwarin da ya ratsa bayan gari.

A nan na fara ganinka. Ka kawo wa mahaifinka saƙo, ka sunkuya don kada ƙofa ta buge ka, koci ya dakatar da atisaye ya bi ka da kallo kamar ya ga ruwa a hamada. Washegari aka ba ka riga. Ba ka iya komai ba, in an jefo maka ƙwallo sai ka runtse ido. Ni ne mai raba ƙwallo, mafi gajarta a ƙungiya kuma mafi baki, na ce a gaban kowa, "Dogo da hankali dace ne." Ka dube ni daga can sama ka ce, "Wa ke magana? Ina jin murya, ban ga mutum ba." Daga ranar na zama Gajere, ka zama Dogo, har furfura ta same mu.

Jaridu sun rubuta a makon nan cewa kai jarumi ne da bai san tsoro ba. Ba su san ka ba. Ban taɓa ganin mutum mai tsoro kamarka ba. Kana tsoron kare, ko ƙanƙane ne. Kana tsoron allura. In za mu hau jirgin sama zuwa wasa a tsibirai, tun daga gida kake jiƙe riga da gumi. Teku na kusa da mu amma ba ka taɓa koyon iyo ba. In an je bakin ruwa, sai ka zauna a inuwa da takalmanka a ƙafa kana gadin kayan mutane. Kafin kowane wasa sai ka yi amai. Goggo Consol, mai wanke mana riguna tun ƙungiya na ƙarama, ta ware maka bokiti na musamman, in ta miƙa maka sai ta ce, "Ungo, ɗana, fitar da shi a nan, kada ka kai mana shi fili."

Duk da haka kai ka kai mu rukuni na ɗaya. Ƙaramin gari mai warin lemu ya yi kakar wasa uku yana karawa da manyan birane. Ina tuna ranar da babbar ƙungiyar nan ta babban birni ta zo mana da wani ƙato wanda ya fasa wa wani ƙashin kunci da gwiwar hannu mako ɗaya kafin nan. Muna jere za mu fito, na ji hannunka a kafaɗata, sanyi ƙalau. Ka ce, "Gajere, mutumin nan kashe ni zai yi." Na ce, "To ka mutu a ƙarƙashin kwando, kada ka mutu mana a banɗaki." Kafin hutun rabin lokaci ya karya maka hanci. Likita ya fito da allura, ka ce ka yafe, aka cusa maka auduga ka koma. Duk lokacin da ya taho da gudu ina ganin gwiwoyinka na kaɗawa, amma ba ka matsa daga gabansa ba ko sau ɗaya. Muka ci wasan da maki ɗaya, aka yi ta buga ƙararrawar coci kamar ranar idi. Bayan nan manyan ƙungiyoyi suka yi ta zawarcinka, ka ƙi. Mutanen gari suka ce amana ce. Ni kaɗai ka faɗa wa cewa tsoron ɓata a babban birni kake yi. Yau ina ganin duka biyun gaskiya ne.

Ina da shekara ashirin da tara babbar mota ta kaɗe ni a kan babur, a hanyar dutse. Na farka a asibiti na ga ƙafafuna a ƙarƙashin mayafi kamar na wani. Na mintsine su, ban ji komai ba. Wannan shi ne tsoro mafi girma da na sani kafin watan nan. Kai da warin asibiti kaɗai ke sa ka jiri, kullum sai ka zo. In ma'aikaciyar jinya ta shigo da allura, sai ka juya fuska bango kana ba ni labarin atisaye da murya mai rawa, har ta fita.

Da aka sallame ni na kulle kaina a ɗakin mahaifiyata a saman bene, kusan shekara. Na daina aski, na daina karɓar baƙi, kuma akwai tunanin da ya riƙa zuwa mini wanda ba zan rubuta ba. Mahaifiyata ta ɓoye magungunana, ta koma kwana a kujera bakin ƙofata. Ran nan da hantsi ka shigo ba sallama, ka yaye bargo, ka saɓa ni a kafaɗa kamar buhun shinkafa. Na yi ta dukan bayanka ina zaginka. Na ce, "Sauke ni, ɗan banza, na ce ba zan fita ba." Ka ce, "Ai kai ka ce ba ni da hankali. Riƙe wuyana da kyau, matakalar nan tana ba ni tsoro." Ka kai ni zaure. A can na tarar da mutum biyu a kan keken guragu, ka bi ƙauyuka ka nemo su. Ka jefo mini ƙwallo a cinya ka ce musu ga mai raba muku ƙwallo nan, baki ne da shi amma ya iya. Haka ƙungiyar masu keke ta Alboreda ta fara. Don ka koyi yadda ake juya keken, kai ma ka shiga ɗaya, gwiwoyinka har haɓa, ka kife a gabanmu. Dariyar da na yi ranar ita ce ta farko tun bayan hatsarin.

Da ka yi ritaya sai ka zama kocinmu, kana noman lemunka da safe, da yamma kana tare da mu. Kujeru nawa ka gyara da hannunka, mutum nawa ka ɗauko daga ɗakin da suka kulle kansu, Allah kaɗai ya sani. Baƙin 'yan wasa da ƙungiyar ke ɗaukowa daga ƙasashen waje ba wanda ya taɓa cin abincin Lahadi shi kaɗai. Gidanka ake kai su, matarka Remei ta ɗora faffaɗan kasko a kan itacen lemu, a ci shinkafa da naman zomo, kowa da cokalinsa, daga kasko ɗaya. Da aka kawo Ousseynou daga Senegal, ka gano ba ya cin alade, sai ka hana a sake shigo da shi gidanka muddin yana garin. Ranar da mahaifinsa ya rasu kai ka tuƙa shi zuwa filin jirgi, ka raka shi har ƙofar da ba a bari a wuce, kana ba shi shawarar ya zauna kusa da hanyar fita.

Yanzu zan faɗi abin da ya faru ranar Talata, domin iyalinka sun cancanci su ji daga bakin wanda yake wurin.

Ko ɗigo ba a yi a Alboreda ba. Sama ta yi wani irin duhu mai ratsin rawaya, iska na kaɗa ganye, shi ke nan. A kan duwatsu ruwan ya sauka. Mu shida muka zo atisaye. Remei ta kira ka ta ce ƙanwarta da ke can sama ta ce ba ta taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Ka ce mana za mu tashi da wuri. Ba mu jima da farawa ba karnukan unguwa suka ɗauki haushi gaba ɗaya, wuta ta ɗauke, sai hasken da ke shigowa ta tagogin sama. Sai muka ji wani ruri daga nesa kamar jirgin ƙasa, a garin da ba shi da layin dogo.

Ta gangaren da muke shigowa ruwan ya biyo, hanya ɗaya tak da keke ke iya bi. Da farko siriri ne, ja kamar shayi, yana rarrafe a kan katakon fili. Na ga ƙwallo ta tashi da kanta ta fara yawo. Kafin mu juya kekunanmu ya zama kogi, yana tafe da kara da kwandunan shara da kujerun shagon shayin da ke bakin titi. Tayoyi suka daina kama ƙasa. Mai ƙafa ba zai gane wannan ba: ina kallon ruwa yana cinye ƙafafuna, ya rufe gwiwoyina, amma ban ji sanyinsa ba. Da ido kaɗai na san ina nutsewa.

Na dube ka. Kana tsaye tsakiyar fili da usur a baki, fuskarka irin wadda na sani ce, ta bakin bokitin Goggo Consol. Leɓunanka sun yi fari. Ƙofar matakalar 'yan kallo na bayanka, taku kaɗan ne ka haye ka tsira. Na ce, "Dogo." Ka tofar da usur ɗin, ka ce, "Kowa ya kwance maɗaurin kekensa."

Ka fara da Tofol, tsohon magini, wanda ya fi mu duka nauyi, domin ka san in ka gaji ba za ka iya da shi ba. Gwiwoyinka da likitoci suka ce kada ka ƙara ɗaukar ko akwatin lemu da su, da su ka haye matakalar siminti da shi a baya. Ka dawo ka ɗauki Carmina, mace ɗaya da ke cikinmu, tana kiran sunayen 'ya'yanta. Ka dawo, ka sake dawowa. Duk saukowa ruwan ya ƙara hawa jikinka, daga cinya zuwa ƙugu. Da ka wuce ta gabana ka ce, "Kai ba ka da nauyi, Gajere, jira ni."

Na jira. Ban san tsawon lokacin ba. Sanyin ya fara taɓa ni ne da ruwan ya kai cibiyata, inda jikina ke fara ji. Keken ya ɗaga, ya fara juyawa da ni a hankali. Na kama ƙarfen teburin alƙalai da hannu biyu. Wani abu mai laushi ya bugi hannuna a ƙarƙashin ruwa, har yau ban san mene ne ba. Daga titi ina jin ƙarar motoci na gwabza juna, da muryar wata mata tana kiran wani suna, sai kuma ta yi shiru. Ruwa ya kai mini haɓa, na ɗaga fuska sama kamar kaza na shan ruwa. Na so in kira ka, na ji tsoron buɗe baki. Sai na ji hannunka a hammatata.

Ka rungume ni a ƙirji kamar jariri. Ina jin bugun zuciyarka a kunnena, kamar ana dukan ƙofa. Kana karanta addu'ar da aka koya mana a coci muna yara, kana mantuwa a tsakiya, kana cike gurbin da ashar. Ka ajiye ni a sama kusa da sauran, ka durƙusa kana haki. Muka ƙirga kanmu, mun cika. Na ɗauka an gama.

Sai muka ji ana buga bututun ƙarfe daga ƙasa. Goggo Consol ce. Ta kusa shekara tamanin, an sha ce mata ta huta ta ƙi, kuma ba wanda ya san ta shigo ɗakin wanki ta ƙofar baya. Ɗakin yana can ƙarshen lungu, inda ƙasa ta fi zurfi. Ka miƙe. Na kama rigarka na ce kada ka je, ba ka iya ruwa ba. Ba ka fizge ba. Ka dube ni, idanunka cike da hawaye, ka ce, "Sake ni, Nelo. In ka riƙe ni zan zauna." A tsawon zamanmu ban fi sau uku na ji sunana na gaskiya a bakinka ba. Na sake ka.

Muka jawo jikinmu a kan ciki zuwa bakin shingen ƙarfe, muna leƙe. Ka bi jikin bango kana dafa bututu, ruwa a ƙirji, sannan a wuya, sannan lungun ya haɗiye ka. Bugun bututun ya tsaya. Carmina ta cusa yatsunta a baki. Can sai ga kan tsohuwa ya ɓullo daga duhu, tana zaune a kafaɗunka kamar yarinya a wajen biki, ta riƙe gashinka da hannu biyu, kai kuma hancinka kaɗai ke sama. Ka iso ƙarƙashinmu. Ni da Tofol muka miƙa hannu, Allah ya bar mana ƙarfin damtse, muka fizgo ta. Ka ce, "Ku rufa mata wani abu, rawar sanyi take." Wannan ce maganarka ta ƙarshe.

Tofol ya kama wuyan hannunka. A daidai lokacin babbar ƙofar baya ta ɓalle. Ruwan da ya taru a ramin ya sami mafita, zauren gaba ɗaya ya zama kwari mai gudu. Turken kwando, ƙarfen nan da sai mutum huɗu ke tura shi, ya taho a kwance ya buge ka a kafaɗa. Na ga hannunka ya zame daga na Tofol. Na ga bayan kanka sau ɗaya kusa da ƙofa. Muka yi ta kiranka har muryoyinmu suka dushe. A saman nan muka kwana a jiƙe, mun sa tsohuwar a tsakiya, har gari ya waye manoma suka zo da tarakta suka fitar da mu ta taga.

An yi jana'izarka a dandalin gari, domin cocin cike yake da laka. Sai da aka ƙera akwati na musamman saboda tsawonka. Ousseynou ya zo daga Faransa, furfura a gemunsa, ya sa kafaɗa tare da tsofaffin abokan wasanmu. Mu masu keke muka bi bayanka, tayoyinmu na maƙalewa a taɓo, 'yan wasan ƙungiyar na yanzu suna ɗaga mu suna ajiyewa. Goggo Consol ba ta zo ba. Tana gidan jikarta, ta daina cin abinci sosai, tana cewa an yi musayar da ba ta dace ba. Ina roƙon duk wanda ya san ta ya je ya zauna da ita.

Da aka watse Remei ta zo ta tsuguna a gaban kekena, ta kama hannuwana. Ta ce, "Nelo, kowa na faɗa mini bai ji tsoro ba. Kai kana wurin. Faɗa mini gaskiya." Na ce mata jikinka ɓari yake tun daga farko har ƙarshe, kuma ka yi kuka kafin ka koma. Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To yanzu na yarda mijina ne aka binne. Wancan da suke faɗa ban san shi ba." A nan ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar Talata.

Dogo, ba zan ɓoye maka ba, a tsorace muke. Gidana a ƙasa yake. Duk gajimaren da ya taso daga wajen duwatsu sai in kira maƙwabta in tambaye su ko suna gida. Tofol ba ya barci, yana ta duban tafin hannunsa. Wata makaranta a garin da ke kusa ta ba mu aron filinta, a kan tudu yake, Neus ta ce ita za ta riƙa kai mu atisaye daga Litinin. Na ce mata ban san ko zan iya ba. Ta ce ba tambayata take yi ba.

Allah ya jiƙanka, Batiste. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓe ka da hannu mai taushi kamar yadda ka karɓe mu, ya sa ka inda ba abin da zai sake razana ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Remei, da Neus, da ƙanenka da 'ya'yansu, da tsofaffi da sababbin 'yan wasan Alboreda, da duk gidan da ruwan nan ya shiga ya fita da wani, har da waɗanda har yau suke bin gonaki da sanda suna neman nasu. Allah ya ba ku haƙuri, ya bayyana muku su. Mu bakwai da ka bari a saman matakala, Allah ya ba mu ƙarfin ɗaukar ran da ka ajiye mana. Amin.